Tapi a Ƙofar Kuɗi: Asabar 57 na Wani Mai Shago a Yamai

Mutumin da teburin

Ɗan Adar ne, daga wani gari na jihar Tawa, ya ɗan haura shekara talatin. Yana da shagon kayan gyaran moto a wajejen kasuwar Katako, yana kwana a Bukoki. Kamar samarin Adar da yawa ya yi ci-rani a Abijan, can kuma ya fara ganin poka, wasan karta na kuɗi, bayan ya daɗe yana buga belot a fada. Ni dai ba na buga ta. Abin da ya haɗa ni da maganar wani kaye ne mai shuɗin bango, inda yake rubuta abin da ya faru kowane dare: matsayin da ya ƙare, jeton da suka rage masa (ƙwayoyin da ake zubi da su a tebur maimakon kuɗi), da kartar da ta fitar da shi. Ya ba ni na karanta da sharaɗin kada sunan kowa ya fito.

Duk daren Asabar suke haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, mutum 18, tebur biyu na tara-tara. Kowa yana zuba jikka 10, wato sefa 10,000, a ba shi jeto 10,000. Akwai kuma jikka 1 ta shayi da man gurup, wadda aka sa lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wuta ta dawo, jikkar ba ta tashi ba. Mutum uku ke cin kuɗi: na farko 90,000, na biyu 54,000, na uku 36,000. Na huɗu sai a ce masa Allah ya kai mu Asabar.

Irin pokar da suke bugawa ita ce Texas Hold'em, wadda ake buga babbar gasar duniya da ita a Las Vegas: karta biyu a hannun kowa, biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa, ana buɗe uku tare, sannan ta huɗu, sannan ta biyar. Kafin a raba, mutum biyu na hagun mai rabo suna ajiye zubin dole, ƙarami da babba, kuma zubin yana hawa duk minti 20. In dare ya yi nisa ana ƙara wani ɗan zubi da kowa ke sawa a kowane rabo. Kalmomin teburin daga Faransanci aka aro su ko aka juyo su: wanda ya tura duk jetonsa ya yi tapi, wanda ya amsa masa ya bi, wanda ya ajiye karta ya kwanta. In saura mutum huɗu, ɗaya ya fita sauran su ci, wannan wurin suke kira ƙofar kuɗi.

A farkon dare jeto ɗaya daidai yake da sefa ɗaya. A ƙarshen dare kuwa, wanda ya tattara jeto 180,000 duka, 90,000 ake miƙa masa. Za mu dawo kan wannan.

Satumba zuwa Disamba 2023: jiran karta mai kyau

Asabar 14 ya buga cikin waɗannan watanni. Sau 9 ya kai teburin ƙarshe, inda ake haɗa mutum taran da suka rage, sau 6 ya ƙare tsakanin na huɗu da na shida. Kuɗi sau ɗaya ya ci, na uku, 36,000. Abin da ya zuba 140,000.

Yadda yake tafiyar da shagonsa haka yake buga karta: ba ya sa kuɗi sai ya ga kaya da idonsa. Ba ya shiga sai da tagwayen 10 zuwa sama, wato karta biyu masu lamba ɗaya, ko As da Sarki, ko As da Dam (As ce babba, sai Sarki, Dam, Bale, sannan 10). A farkon dare wannan hanya ba ta da aibu, don zubin dole bai taka kara ya karya ba, masu zafin kai kuma suna fitar da junansu yana kurɓar shayinsa. Shi ya sa yake kaiwa nesa. In an yi masa magana sai ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ga inda dutsen yake ƙin dahuwa. A ɗauki dare irin wanda ya cika kayen: saura mutum 6, zubi 1,000 da 2,000, ɗan zubin kowa 200, shi kuma yana da jeto 20,000. Duk zagaye ɗaya na tebur, ko bai ɗaga kartarsa ba, 4,200 sun bar gabansa. Karta 52 tana ba da haɗi 1,326 na biyu-biyu. Waɗanda yake jira 62 ne kacal a cikinsu, wato kusan sau ɗaya a rabo 21. Rabo 21 a teburin mutum 6 zagaye uku da rabi ne, jeto 14,700. Wannan in zubin ya tsaya wuri ɗaya ke nan, alhali kafin a yi rabo 21 ya hau aƙalla sau ɗaya, wani lokaci sau biyu. Kafin kartar da yake jira ta iso, abin da ya rage gabansa 5,000 ne ko ƙasa.

Tapin jeto 5,000 ba ya tsorata kowa. Mai babban zubi ya riga ya ajiye 2,000 ko 3,000, ɗan ciko kawai zai yi ya bi, kuma zai bi ko da wace irin karta. Sau da yawa mutum biyu ke bi, su haɗu su danne shi. In ma ya ci, sai ya dawo 12,000 ko 13,000, ƙasa da inda yake kafin ya fara jira, zubi kuma ya ƙara hawa. Layukan kayen na wannan lokaci kusan iri ɗaya ne: «Tapi da 4,500, As da Dam, biyu sun bi ni, na biyar.» A gefen yawancinsu ya rubuta kalma biyu, rashin sa'a.

Janairu zuwa farkon Maris 2024: takardar salula

Wani ɗalibin jami'a da ke buga teburin ne ya fara taɓa shi. Abu na farko da ya koya masa mai amfani ne har yau: ya daina ƙirga jeto, ya riƙa ƙirga babban zubi nawa ke gabansa. Jeto 20,000 dukiya ce in babban zubi 400 ne, amma in 2,000 ne zubi 10 kawai gare shi. Ya kuma nuna masa ma'aunin da ake kira M, wanda Dan Harrington, zakaran gasar duniya ta 1995, ya yaɗa a 2005: ka raba jetonka da abin da zagaye ɗaya ke ci. A misalin da ya gabata 20,000 a raba da 4,200 bai cika 5 ba. Wanda ya faɗo nan ba shi da sauran ƙaramin ƙari a kan zubi ko leƙen karta uku na farko. Ko tapi, ko kwanciya.

Abu na biyu shi ne hoton wani jadawali da ya turo masa ta WhatsApp, wanda ake jinginawa ga John Nash, masanin lissafin nan na Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1994. Jadawalin yana nuna kowace karta da yawan zubin da za a iya yin tapi da ita. A zubi 10 ya halatta sama da rabin kartoci, har da Sarki da kowace ƙaramar karta. Abin da ɗalibin bai faɗa ba, ƙila shi ma bai lura ba, jadawalin na mutum biyu ne, lokacin da kowa ya fita saura kai da abokin karawarka. Mutuminmu ya ɗauke shi ya yi ta aiki da shi daga kowace kujera.

Bambancin yana cikin yawan mutanen da ba su yi magana ba tukuna. A ce kowannensu yana bi da kashi 15 cikin 100 na kartoci mafi kyau. In mutum ɗaya ya rage a bayanka, sau 85 cikin 100 zai kwanta. In biyu ne, sau 72. In biyar ne, sau 44 kawai. Da jeto 20,000 da 4,200 a tsakiya, tapi da Bale da 9 masu alama ɗaya daga kujerar mai rabo yana kawo ribar kimanin 1,500 a matsakaici, don sau 72 zai kwashe na tsakiya ba faɗa, in an bi shi kuma yana cin kusan sulusi. Tapi da Sarki da 4 daga kujerar farko, mutum biyar na jira a baya, asarar kimanin 1,400 ce duk lokacin da aka yi ta. Jeto iri ɗaya, zubi iri ɗaya, kujera ce kawai ta canza.

Asabar ta uku da fara wannan hanya ya ci na farko, 90,000, karon farko tun da ya zauna teburin. Wannan cin ya fi duk asarar baya yi masa illa, don ya rufe masa kunne har tsawon wata guda da rabi. A Asabar 10 na wannan zango bai sake ganin kuɗi ba. Sau 5 ya fita tsakanin na bakwai da na tara, wuraren da a da yake wucewa ido rufe. Mutanen tebur sun gane shi, suka fara bin sa da As da 7, da tagwayen 4, da Sarki da 10.

Daren 9 ga Maris 2024, da watan azumi

Wannan dare ya kai ƙofar kuɗi. Mutum huɗu, jeton kowa kusa da 45,000, zubi 2,000 da 4,000. Biyu suka kwanta. Wani attajiri da kowa ke kira Alhaji, wanda ke ƙaramin zubi, ya yi tapi. Mutuminmu yana babban zubi da As da 9 masu alama daban. Bai yi dogon tunani ba ya bi. Alhaji ya buɗe Sarki da Dam. As da 9 ke gaba, da kimanin kashi 57. Dam ta faɗo a karta ta huɗu, mutuminmu ya fita na huɗu. Kowa ya jajanta masa, har Alhajin.

Ban da mutum ɗaya. A teburin akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi na lise da ya yi ritaya, wanda ba a kiransa da komai sai Mushe. A bakin ƙofa, mutuminmu yana tada moto, ya tare shi.

«Ƙanena, mi ya kai ka bin Alhaji?»

«Mushe, ai ni ke gaba. As gare ni.»

«Na gani. Ko da ka ci, da na yi maka wannan tambayar. Jibi ko gata za a ɗauki azumi. Ka zo gida bayan an sha ruwa, ka zo da kayen nan naka.»

Teburin yana rufewa duk watan azumi, abin da shi kansa ya isa ya nuna yadda masu shi suke kallon abin da suke yi. Da mutuminmu ya ɗan yi jim a kan zancen karta cikin Ramadan, Mushe ya ce masa ba karta za su taɓa ba, bik da takarda ne.

Lissafin da ya yi masa ga shi. Damar kowa ta zama na farko daidai take da rabonsa na jeton tebur. Damar zama na biyu kuma, sai a cire wanda ya zo na farko a sake rabawa tsakanin sauran, haka har na uku. Mushe ya daɗe yana buga tiyarse kafin ya san poka, kuma ya ji daɗin gaya masa cewa daga tseren dawaki dabarar ta fito: David Harville ya wallafa ta a 1973 don ƙiyasta dokin da zai zo na biyu da na uku, Mason Malmuth ya kawo irinta cikin poka a 1987. Yau ana kiranta ICM.

Mutum huɗu, jeto 45,000 kowanne, rabon kowa a kuɗin tebur sefa 45,000. In biyu suka yi karo, wanda ya faɗi ya tashi da sifili. Wanda ya ci yana da jeto 90,000, rabin na tebur. Damarsa ta na farko rabi, ta na biyu sulusi, ta na uku ɗaya cikin shida. A kuɗi: 45,000 da 18,000 da 6,000, jimla 69,000. Jetonsa sun ninka, kuɗinsa sun ƙaru da 24,000 kawai. To ina sauran 21,000 na wanda ya faɗi suka tafi? Wurin mutum biyun da suka kwanta suna kallo, 10,500 kowanne, ba su sa ko jeto ɗaya ba.

«Kura da shan bugu,» in ji Mushe, «gardi da karɓar kuɗi.»

Wanda zai sa 45,000 don ya ci 24,000, sai ya zama yana cin karon sau 65 cikin 100 kafin ya fita kunya. Mushe bai tsaya nan ba, ya gyara lissafin da 4,000 ɗin da mutuminmu ya riga ya ajiye: da ya kwanta, da ya rage da jeto 41,000, waɗanda darajarsu ta kai kimanin sefa 42,400. A raba wannan da 69,000, ya ba da kashi 61 da ɗoriya. Da jeto kawai ake ƙirgawa, kashi 46 ya isa a bi, kuma shi ne lissafin da ke kansa a daren. Tsakanin 46 da 61 nan ne ƙofar kuɗi take. As da 9 masu alama daban, ko da Alhaji ya yi tapi bai duba kartarsa ba, kashi 61 ba su cika ba. Alhaji kuwa ya duba.

Ƙarshen Afrilu da Mayu 2024: tsohon ciwo

Bayan salla ya dawo da tsoro sabo. Asabar 4, babu ko ɗaya da ya ci. Ya ɗauki darasin azumi a matsayin hani ga tapi baki ɗaya da zarar an kusa kuɗi, sai ya koma zama yana jiran wani ya fita. Sau biyu wanda yake jira ya ninka jetonsa, shi kuma zubi ya cinye shi, ya ƙare na huɗu da na biyar da zubi 2 a gabansa. Ciwon Satumba ne ya dawo, sai dai yanzu yana da lissafin da yake kare kansa da shi.

Yuni zuwa Nuwamba 2024: abin da ya yi aiki

Mushe ne ya sake juya masa takardar. «Lissafin da ya hana ka bin mutane, su wa kuma ya hana?» Ya yi shiru, sannan ya ce, su ma ya hana su bin sa. A ƙofar kuɗi wanda ya fara turawa yana da hanya biyu ta ci: ko a kwanta masa, ko a bi shi ya yi nasara. Wanda ya bi hanya ɗaya gare shi. David Sklansky ya daɗe da rubuta cewa kartar da za a bi da ita sai ta fi kartar da za a fara turawa da ita ƙarfi, kuma a ƙofar kuɗi wannan tazara tana buɗewa sosai.

Daga nan ya tsara wa kansa hanya, ya rubuta ta a cikin bangon kaye. Kafin ya ɗaga kartarsa yana ƙirga zubinsa, da mutanen da suka rage a bayansa, da wanda ya fi kowa ƙarancin jeto. Tsakanin zubi 12 da 8 yake neman wurin tapi, kuma ya yi wa kansa alkawarin ba zai bari ya gangara ƙasa da 6 yana jira ba. In wani ya riga ya shiga, kartar da ba ta isa bi ba ya ajiye ta. In kowa ya kwanta har aka zo kansa a kujerar mai rabo ko ƙaramin zubi, yana turawa da karta mai faɗi, kusan yadda tsohon jadawalin ya ce, don nan ne kawai jadawalin yake kusa da gaskiya. Daga kujerun farko ya koma tagwaye da manyan As da manyan karta masu alama ɗaya.

Ya ƙara wani abu da bai taɓa yi ba. In yana da zubi 15 zuwa 20, wani mai yawan ƙari daga kujerun baya ya sa zubi biyu da rabi, sai ya mayar masa da tapi. Abin da ke tsakiya a lokacin ya haura zubi huɗu da rabi, fiye da rubu'in jeton mai zubi 16, kuma mai yawan ƙari yawancin kartarsa ba ta bi ba ce. Ɗalibin da ya turo masa jadawali shi ya fi kowa shan wannan.

Sai kuma abin da babu jadawalin da zai gaya masa: wa ke kwantawa. Ya ware shafi biyu yana rubuta kartar da kowa ya bi da ita. Bayan Asabar 6 hoton ya fito. Ma'aikatan gwamnati biyu da ke teburin, in suna da matsakaicin jeto a ƙofar kuɗi, ba sa bi sai da manyan tagwaye ko As da Sarki, don jikka 36 ta na uku kuɗi ce a wurinsu. Alhaji kuwa jikka 36 ba ta kai kuɗin man motarsa na mako ba, ya zo ne ya ga karta biyar a ƙasa. Lissafin ICM yana cewa bai kamata ya bi ba, amma in ya bi, asarar ba tasa kaɗai ba ce, ku biyu ne kuke ciyar da masu kallo. Don haka in Alhaji na bayansa yakan matse hannu, in ma'aikatan ne yakan saki.

Daren 12 ga Oktoba shi ne wanda har yanzu ake ba da labarinsa. Saura huɗu: babba yana da 80,000, wani 47,000, shi 45,000, na ƙarshe 8,000, zubi biyu kacal. Babban ya yi tapi daga kujerar farko, kamar yadda ya yi sau uku a jere kafin nan. Mutuminmu ya ɗaga kartarsa ya ga As da Sarki. Ya yi kusan minti biyu. In ya kwanta, rabonsa kimanin sefa 51,000 ne, don mai 8,000 yana bakin fita. In ya bi ya ci, kimanin 68,000. In ya faɗi, ya tashi hannu wofi ya bar mai zubi biyu ya shiga kuɗi. Abin da ake bukata ya kusa kashi 75. As da Sarki, a kan karta biyu ko waɗanne iri, 65 zuwa 67 suke ci. Ya ajiye, kuma ya yi kuskuren nuna wa tebur abin da ya ajiye.

Mai 8,000 ya bi da Dam da 10. As ta faɗo a karta uku na farko, tebur ya ɗauki ihu. Mai 8,000 ya fita a wannan rabon, mutuminmu ya ƙare na biyu, 54,000. Har aka tashi ana ce masa da ya bi da shi ke da tebur. Mushe bai ce komai ba sai da suka fito, ya ce masa kartar ya ajiye daidai, nunawar ce ba ta da amfani.

A Asabar 20 na wannan zango ya ci sau 6: na farko sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku. Ya karɓi 306,000, ya zuba 200,000.

Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025, da hukunci

Asabar 9, na biyu sau ɗaya, 54,000. Teburin ya koyi abin da ya koya. Mushe ba mai rowar ilimi ba ne, duk wanda ya tambaye shi sai ya ɗauko bik. Ma'aikatan nan biyu suka fara turawa kafin a zo kansa, wanda ya ga As da Sarkin da ya ajiye kuma ya riƙa yi masa tapi a ƙofar kuɗi da kowace karta, ya san ba za a bi shi ba.

A ganina abin da ya gyara wasansa abu uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi nauyi shi ne lokaci: yin tapi tun jetonsa suna iya sa mutum ya kwanta. Wannan kaɗai ya kashe ciwon watannin farko, kuma ba ya bukatar ICM. Na biyu, raba turawa da bi, waɗanda ya ɗauka abu ɗaya ne har zuwa watan Yuni. Kuskuren Maris da na Mayu duk daga nan suka fito, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Na uku, shafi biyun da ya rubuta halin mutane. Jadawalin salula bai yi ƙarya ba, an ɗauke shi ne daga inda aka yi shi don shi. ICM ma yana da nasa gibin: yana ɗaukar kowa gwaninta ɗaya, kuma bai san wanda babban zubi zai faɗa wa a rabo na gaba ba.

Sai dai ban yarda Asabar 20 sun tabbatar da komai ba. Mutum 3 cikin 18 ke ci, wato ɗaya cikin shida. Wanda bai fi kowa ba a teburin, in ya buga sau 20, ana sa ran ya ci sau uku ko huɗu, kuma kusan sau ɗaya cikin goma zai ci shida ko fiye da sa'a kawai. Hujjar cewa shawarwarinsa sun gyaru tana cikin lissafin kowane rabo, jerin sakamakon bai isa shaida ba, kamar yadda cin da ya yi a watan Janairu bai zama shaida ga jadawalin ba.

Jimlar kayen kuwa ga ta: Asabar 57, kuɗin shiga 570,000, na shayi da gurup 57,000, abin da ya karɓa 486,000. Ya rage da gibin jikka 141, bayan shekara ɗaya da rabi da kuma koyon da ya fi na yawancin abokan teburinsa. Kuɗin nan tsakanin mutum 18 suke yawo, babu mai ƙara musu ko dala daga waje.

Ana saura kwanaki azumin 2025, wansa ya zo daga Tawa sayen kaya, ya kwana biyu a ɗakinsa, ya ci karo da kayen. Bai yi faɗa ba. Ya karanta masa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, inda aka haɗa giya da caca wuri ɗaya, sannan ya buɗe shafin ƙarshe ya tambaye shi ko jimlar da ke nan shi ya rubuta ta da hannunsa. Ya ce shi ne. Wan ya ce to shi ba shi da abin ƙarawa, sai dai Inna ba za ta ji daga bakinsa ba.

Teburin ya rufe a farkon Maris kamar kowace shekara. Da aka buɗe bayan salla bai koma ba, kuma bai ce wa kowa ya daina ba. Ranar da na mayar masa da kayen a shago ya karɓa ya juya shi ta baya, inda ya fara rubuta sunayen masu gyaran moto da suka ɗauki kaya bashi. Kujerarsa wani ɗan kasuwar Wadata ya karɓe ta tun Asabar ta farko, kuma an ce shi ma ba ya shiga sai da tagwayen 10 zuwa sama.